Ta ina ake fara neman asalin dangi a takardun kaunti na Virginia?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Baltimore, matata baƙar fata ce 'yar asalin Amurka, Allah Ya ba mu yara. Ni ina iya lissafo kakannina hawa-hawa da ka, amma ita daga kan kakar mahaifiyarta komai ya tsaya. Kakarta tana raye, ta haura tamanin, abin da take maimaitawa kawai shi ne mutanensu manoman taba ne daga Halifax ta Virginia. Mun shiga Ancestry, shafin intanet na binciken asalin dangi, mun ga jerin dangi da wasu suka ɗora amma suna ta cin karo da juna. Ta ina za mu fara, kuma zai yiwu mu kai har Afirka, ko ma ƙasar Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya raya zuri'a Ya yi musu albarka. Wannan niyya ce mai kyau, kuma na daɗe ina zama da iyalai irin na matarka a kan wannan aiki, don haka zan gaya maka yadda ake yi a zahiri ko da zai ɗan yi tsawo.

Abu na farko, rufe waɗancan jerin dangin da ka gani a intanet tukuna. Yawancinsu wani ne ya kwafi na wani, shi ma wancan ya kwafi na wani, babu wanda ya taɓa buɗe takarda ko guda, shi yasa za ka ga mace ta haifi ɗa tana shekara biyar ko mutum ya yi aure bayan an binne shi. Aikin nan baya-baya ake yinsa, daga wanda kuka sani zuwa wanda ba ku sani ba, hawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taka hawa na gaba sai an samu takarda da ta ɗaure ɗa da iyayensa. Wanda ya yi tsalle ya tsallake hawa ɗaya to zai iya kwashe shekaru yana bin kakannin wasu mutane daban masu suna iri ɗaya.

Kuma kafin kowace takarda, kakar nan ita ce babban abin da kuke da shi, kar ku yi wasa da lokaci. Ku je ku zauna da ita, a kunna rikoda a waya, matarka ce za ta yi tambayoyin kai kuma ka yi shiru ka riƙa rubutu. Kar a ce mata "ba mu tarihin gidanku", tsoho ba ya amsa irin wannan. A tambaye ta wane coci suke zuwa tana yarinya, ina aka binne mahaifiyarta da kakarta, gonar wa suke nomawa, wane gari suke kai taba kasuwa, wa ya fara tafiya arewa a gidan kuma wajen wa ya sauka, sunayen da ake kiran mutane da su a gida da kuma sunayensu na gaskiya, don sau da yawa wadda kowa ya sani da wani laƙabi a takarda wani suna ne daban. Sannan ku roƙe ta ta fito da jaka ko akwatin da take ajiye takardun jana'iza. Baƙaƙen Amurka suna da al'adar buga 'yar takarda a duk jana'iza mai ɗauke da hoton mamaci da sunan iyayensa da inda aka haife shi da jerin 'yan uwan da ya bari da garuruwan da suke, kuma tsofaffin mata suna adana su sosai. Haka shafukan tsakiyar Baibul na gida inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ku ɗauki hoton komai gaba da baya.

Toh sai maganar wuri, wadda ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. A Amurka takardun fili da na gado da na aure da na shari'a ba a babban birnin ƙasa suke ba, suna kotun kaunti ne, wato kamar ƙaramar hukuma, kuma akwai irinsu sama da 3,000 a ƙasar. Idan ba ka san kaunti ba, ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ku kun yi sa'a kakar ta ba ku suna, amma a tabbatar, saboda akwai kaunti mai suna Halifax a Virginia akwai kuma wata Halifax a North Carolina, kuma dukansu ƙasar noma ce mai yawan baƙar fata. Idan ta ambaci South Boston ko Clover ko Virgilina ko Scottsburg to ta Virginia ce. Ita ta Virginia an yanke ta daga Lunenburg a 1752, daga baya aka yanki Pittsylvania daga jikinta a 1767, kuma takarda tana zama a kauntin da aka rubuta ta, ba ta bin sabuwar iyaka. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswira a intanet kyauta da ke nuna yadda iyakar kowace kaunti ta canza shekara-shekara. Wani abu kuma, kudancin Halifax yana manne da North Carolina, mutane suna tsallakawa Person ko Granville su yi aure su dawo, don haka in an rasa aure a gida a leƙa maƙwabta. South Boston ma ta zama birni mai cin gashin kansa daga 1960 zuwa 1995 kafin ta koma ƙarƙashin kaunti. Babbar sa'ar ita ce Halifax ba ta cikin wuraren da gobara ta cinye musu takardu. Wasu kauntocin Virginia sun kai littattafansu Richmond, babban birnin jihar, don ɓoyewa lokacin yaƙin basasar Amurka sai wuta ta cinye su a can a watan Afrilu 1865, wasu kuma kotunsu ce ta ƙone daga baya kamar Buckingham a 1869 da Appomattox a 1892. Na Halifax na fili da na gado suna nan tun daga shekarun 1750.

Matakalar da za ku bi ku sauka ita ce ƙidayar jama'a. Ana yinta duk shekara goma tun 1790, amma ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, don haka ta ƙarshe da ke buɗe ita ce ta 1950 wadda aka saki a Afrilu 2022, kuma kakar matarka tana ciki tana yarinya a gidan iyayenta. Daga nan sai 1940, wadda take da wata tambaya mai amfani, ina mutum yake zaune a 1935, kaga ga wanda ya yi ƙaura zuwa Baltimore ko Philadelphia wannan layin kaɗai zai mayar da kai kauntinsa. Sai 1930, 1920, 1910, 1900. Ta 1900 ka zauna a kanta sosai, tana ba da wata da shekarar haihuwa, shekara nawa da aure, da 'ya'ya nawa mace ta haifa nawa ke raye. In ka ga ta haifi goma sha ɗaya bakwai ke raye amma huɗu kawai kuka sani, to akwai uku da za a nemo, kuma takardun waɗannan ukun su ne sau da yawa suke ɗauke da abin da na kakanku bai ɗauka ba. Ana iya duba duk wannan kyauta a shafin intanet na FamilySearch, ba sai an biya kuɗi ba.

Daga 1900 za ku faɗa rami, saboda kusan duk ƙidayar 1890 ta lalace sakamakon gobara a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washington a Janairu 1921. Shekara ashirin babu komai. Yarinyar da aka haifa a 1881 za ta iya girma ta yi aure ta canza suna kafin 1900, ba za ka taɓa ganinta a ƙidaya a gidan ubanta ba. Anan ne takardun kaunti suke fara ceton mutum. Virginia ta sa kauntoci rubuta haihuwa da mutuwa daga 1853 zuwa 1896, aka daina, aka dawo a 1912. Rajistar aure kuwa tun 1853 tana ɗauke da shekarun ango da amarya, inda aka haife su, sana'ar ango, wanda ya ɗaura auren, da sunayen iyayen kowannensu. Ni a wajena wannan rajistar auren ta fi kowace takarda daraja a wannan zango. Kuma ga wata dabara, ka nemi dattijon da matarsa ta rasu ya sake aure yana da shekara sittin a wajen 1880, domin akawu zai tambaye shi sunan iyayensa, sai ka samu sunan mutanen da aka haifa wajen 1800 waɗanda suka rayu suka mutu a cikin bauta. Takardar shaidar mutuwa daga 1912 ita ma tana da sunan uba da uwa, amma a duba wa ya ba da bayanin, in jika ne ko suruki ko maƙwabci to kar a amince da shi tukuna har sai an gwada da ta 'yan uwan mamacin. A Virginia takardar mutuwa da ta aure suna buɗewa ga kowa bayan shekara 25, ta haihuwa bayan shekara 100.

Kar bambancin shekaru ko rubutun suna ya tayar muku da hankali. Mai ƙidaya yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, wani lokacin ma yaro ya tarar a gida ko maƙwabciya, mace za ta zama 30 a wannan ƙidaya ta zama 36 a ta gaba. Abin da ake kamawa shi ne jerin yaran gidan da tsarin haihuwarsu da kuma maƙwabtan da ke kewaye.

Ƙidayar 1880 ita ce ta farko da ta faɗi dangantakar kowa da maigida, mata ce ko 'ya ko suruka ko jika. Ta 1870 kuwa ita ce ta farko da aka rubuta bayin da aka 'yanta a 1865 da cikakken sunansu, kuma a nan ne yawancin mutane suke tsayawa su ce hanya ta ƙare. Ba ta ƙare ba, sai dai ta canza. Kafin 1865 doka tana ɗaukar bawa a matsayin dukiya, don haka ba a rubuta shi a littafin mutane, a littafin dukiyar mai shi ake rubuta shi. Ma'ana dole sai kun gano wane gida ne ya mallaki kakannin, sannan ku binciki wannan gidan Turawan kamar naku kuke bincika, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya mutu yaushe, wa ya gaji wa. Abin yana da ɗaci amma hanyar kenan. A 1860 bayin da ke Halifax sun kai kusan 15,000, fiye da rabin mutanen kauntin.

Yaya ake gano gidan? In kun samu kakan a ƙidayar 1870 kar ku tsaya a layinsa, ku karanta shafuka biyar kafinsa da biyar bayansa, domin mai ƙidaya gida-gida yake bi a kan hanya. Akwai gurbin da ake rubuta darajar filin da mutum ya mallaka, to ku lura da Baturen da ke kusa mai fili mai yawa, da yawan mutane ba su yi nisa da inda aka bautar da su ba a shekara biyar ɗin farko. Amma kar ku ɗauka cewa sunan dangi dole na maigidan ƙarshe ne. Wasu sun ɗauki nasa, wasu sun ɗauki na gidan da aka haifi uwarsu ko ubansu tun da can, wasu tun suna cikin bauta suna da sunan danginsu da Turawa ba su damu su rubuta ba. Sai a koma jerin bayi na ƙidayar 1850 da 1860, wanda a cikinsa sunan maigida ne kawai, a ƙarƙashinsa layi-layi shekaru da jinsi da launin fata, babu suna ko ɗaya. Wannan jerin ba hujja ba ne, yana nuna maka ne kawai cewa zai iya yiwuwa, misali kakar tana 45 a 1870 da 'ya'ya masu 22 da 19 da 15, ga kuma gida mai mace 'yar 35 da yara masu 12 da 9 da 5 a 1860.

Hujjar tana wasu wurare. Rajistar haihuwa ta Virginia daga 1853 zuwa 1865 ta haɗa da 'ya'yan bayi, sunan jariri, sunan uwa, a gurbin uba kuma sai a sa sunan maigida, kuma an yi mata fihirisa da za a iya bincika. Don haka duk wani ɗa na gidan da aka haifa a waɗannan shekarun ku neme shi a can, ko da ba shi ne kakanku kai tsaye ba, ƙaninsa ko yayarsa ma ta wadatar tunda uwa ɗaya ce. Sannan akwai rajistar da aka yi bisa dokar 27 ga Fabrairu 1866 wadda ta halasta auren waɗanda suke zaman miji da mata tun cikin bauta, ana ce mata cohabitation register. A layi ɗaya za ka ga sunan miji, shekarunsa, inda aka haife shi, maigidansa na ƙarshe, haka ita ma matar, sunayen yara da shekarunsu, da shekarar da suka fara zama tare. Ba ta kowace kaunti ce ta tsira ba, waɗanda suka tsira Library of Virginia, babban ɗakin karatu na jihar da ke Richmond, ta ɗora su a shafinta mai suna Virginia Untold tare da takardun 'yantarwa da na ciniki da sauransu. Akwai kuma takardun Freedmen's Bureau, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a Maris 1865 ta yi aiki har 1872, a ciki akwai yarjejeniyar ƙwadago tsakanin tsohon maigida da waɗanda ya bautar, da ƙorafe-ƙorafen iyaye da aka hana su 'ya'yansu. In wani a dangin ya shiga rundunar baƙaƙen sojojin ɓangaren arewacin Amurka a yaƙin basasa, waɗanda suka kai kusan 180,000, to fayil ɗin fanshonsa a ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Washington yana iya ƙunsar shaidar matarsa da abokansa da bakinsu kan inda aka haife shi da wanda ya mallake shi, kuma daga Baltimore tafiyar ba nisa.

In sunan gidan ya fito, sai a shiga littattafan kotu na ainihi. Ofishin akawun babbar kotun kaunti, a garin Halifax, a nan suke, manya-manyan littattafai masu nauyi da sai ka sa hannu biyu ka zaro su daga kanta, kuma da yawansu an ɗauki hotonsu suna FamilySearch da Library of Virginia. Ka fara da littafin wasiyya da gado. Idan mai bayi ya mutu kotu tana naɗa mutane su je su ƙidaya kayansa su yi musu kuɗi, to a wannan shafin za ka ga gadaje da tukwane da dawaki da buhunan masara da gangunan taba, a tsakaninsu ko a samansu sai jerin mutane, sunan fari kawai da farashi a gefe, wance da jaririnta kaza, wane yaro kaza, tsohuwa wance a rubuta ba ta da daraja. Ka shirya matarka kafin ta buɗe wannan shafin, kar ta gan shi ita kaɗai da dare a waya, na sha ganin mutane sun kasa ci gaba da magana a gabansa. Amma fa a karanta shi da natsuwa, domin sau da yawa masu ƙidayar suna jera uwa sannan 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami, kuma wannan jerin shi ne za ka gwada da gidan da ka gani a 1870. In sunaye huɗu ko biyar sun zo daidai a tsari ɗaya to ka kama hanya.

Kar ka tsaya a wasiyya. Bayanta akwai takardar rabon gado da ke nuna wane magaji ya samu wa, akwai lissafin shekara-shekara na mai kula da dukiyar marayu inda ake rubuta an ba da hayar wane ga wane daga farkon Janairu zuwa Kirsimeti, an biya ungozoma saboda haihuwar wance, an sayi akwatin gawa don wane. Daga irin wannan lissafin ake samun shekarar haihuwa da ta mutuwa ta mutanen da babu wanda ya yi niyyar rubuta tarihinsu. Littafin cinikin fili ma ba fili kaɗai ke ciki ba, akwai kyautar bayi daga uba zuwa 'yarsa, akwai jinginar da su don bashi. Ka sa ido sosai a kan 'ya'ya mata na gidan Turawan, domin in sun yi aure suna tafiya da bayi zuwa gidan miji mai wani suna daban, wani lokacin wata kaunti daban, nan ne mutane da yawa suke ɓatar da sawu. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka layin uwa ne yake fitowa a takardu, na uba yakan kasance a wata gona daban.

Wanda na fi so in ga mutum ya kai gare shi shi ne fayil ɗin kotun chancery, wato inda magada suke kai ƙarar juna. In 'yan gida suka yi rigima a kan gado sai a kira shaidu a rubuta maganarsu kalma-kalma, sai ka ji ana cewa wance 'yar wance ce, an kawo uwarta daga gidan wane lokacin auren wance, ta haifi 'ya'ya kaza an sayar da biyu. Library of Virginia tana da fihirisar waɗannan fayiloli a intanet, na kauntoci da yawa ma an ɗora hotunan shafukan kyauta. Kuma ba na zamanin bauta kaɗai ba, baƙaƙen da suka sayi gona bayan 'yanci da yawa sun mutu ba wasiyya, gonar ta zauna a hannun magada ba a raba ba, ranar da aka kai maganar kotu dole a lissafa kowane magaji da garin da yake. Takarda ɗaya za ta iya ba ku dangi hawa uku.

Zai iya faruwa wani ya ɓace daga takardun Halifax kwata-kwata tsakanin 1820 da 1860. Mutum kusan miliyan ɗaya aka kwashe daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gonakin auduga da rake na can kudu, Richmond kuma babbar kasuwar wannan ciniki ce. Bayan 'yanci mutane sun riƙa sa cigiya a jaridun coci irin su Christian Recorder suna neman uwa ko ɗa, suna faɗin sunan maigida da kauntin da aka raba su, an tattara dubbansu a shafin Last Seen. Sannan in kuka ga kakan da sunansa a ƙidayar 1850 ko 1860 to 'yantacce ne tun kafin yaƙi, sai a nemi rajistar 'yantattun baƙaƙe da doka ta tilasta wa kauntoci tun 1803, wadda ke bayyana tsawon mutum da tabon jikinsa da yadda ya samu 'yanci.

Littattafan tarihin kaunti kuma fa? Ku karanta su, amma ku san abin da kuke karantawa. Yawancinsu an rubuta su ne daga 1876, lokacin da shugaba Grant ya yi kira ga garuruwa da kauntoci su rubuta tarihinsu don cikar ƙasar shekara ɗari, zuwa shekarun 1920, akwai ma na Halifax da aka buga a 1924. A wurare da yawa kamfanoni ne suke bi gida-gida, wanda ya biya kuɗin littafi a sa tarihinsa yadda ya faɗa. Kamar kirarin maroƙi ne, wanda ya yi kyauta shi ake wasawa, kuma ba a faɗin aibinsa. Ba za ku ga kakannin matarka a ciki ba sai dai a ce "amintaccen bawan gidan". Amfaninsu shi ne suna zana maka gidajen Turawan, wa ya zo daga wace kaunti ta gabas, 'yar wa ya aura, sunan gonarsa, a bakin wane rafi take, kogin Dan ne ko Banister ko Staunton. Duk abin da littafin ya faɗa ka ɗauke shi a matsayin inda za ka je ka duba, sai ka gan shi a littafin kotu sannan ka rubuta shi a naka. Kuma daga nan za ka san ko gidan babba ne irin na iyalan Bruce masu gonar Berry Hill, domin manyan gidaje sun bar littattafan gonarsu a ɗakunan karatu na jami'o'i da na ƙungiyoyin tarihi, wasu da jerin haihuwar bayi shekara-shekara. Tarihin da ya fi kusa da ku shi ne wanda ba a sayarwa a kanti, 'yan littattafan da cocin baƙaƙe suke bugawa in sun cika shekara ɗari, masu sunayen waɗanda suka kafa cocin da wanda ya ba da fili. Ku je cocin da kakar ta ambata ranar taron dawowa gida da suke yi da bazara, ku zagaya maƙabartar da ke bayansa, ku lura da wa aka binne kusa da wa, ku gaisa da tsofaffi.

Game da kaiwa Afirka, gaskiya zan gaya maka, ta hanyar takarda abu ne mai matuƙar wuya, domin masu jiragen bayi adadi suke rubutawa ba suna ba. Wanda ya yi aiki da kyau a kaunti irin Halifax zai iya kaiwa shekarun 1790 ko ma 1760, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar Hausa kuwa kar ka sa rai sosai. Virginia ta hana shigo da bayi daga waje tun 1778, kuma kaso mafi girma na waɗanda aka kawo mata kafin nan daga tashoshin Bonny da Kalaba aka ɗauko su, wato yankin Ibo da maƙwabtansu, sai na Senegambiya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Angola. Hausawa sun fara yawa a jiragen ne bayan yaƙe-yaƙen jihadin da ya fara a 1804, lokacin ƙofar Virginia ta daɗe a rufe, kuma akasarinsu Bahia ta Brazil aka kai su, inda suka yi ta tayar da bore tun daga 1807.

Gwajin DNA yana da amfani amma ba don kason nan da ake nunawa na Najeriya kaza Kamaru kaza ba, wannan ƙiyasi ne kuma yana canzawa duk lokacin da kamfani ya sabunta lissafinsa. Amfaninsa na gaske shi ne jerin mutanen da kuka haɗa jini da su. In kuka ga 'yan uwa na nesa a Alabama ko Mississippi waɗanda ba wanda ya san su, mai yiwuwa jikokin waɗanda aka sayar ne, sai a haɗa takardunsu da naku a ga a wane gida suka haɗu. Za kuma ku iya ganin Turawa a jerin, wannan ma a shirya masa tun kafin sakamako ya fito, a kuma gaya wa kakar tun farko don ta yanke da kanta ko tana so. In ta yarda, ita za a fara yi wa gwajin kafin matarka ko yara, domin ta fi su kusa da waɗancan mutanen da hawa biyu zuwa uku, jininsu ya fi yawa a jikinta. Kuma duk takardar da kuka samu ku rubuta sunan littafin da lambarsa da shafinsa a take, da sunan kauntin, har da inda kuka duba ba ku samu komai ba. In kun kai ƙidayar 1870 ka turo min sunayen mutanen gidan da shekarunsu da na maƙwabta goma na kowane gefe, sai mu duba wane littafin gado ya kamata a fara buɗewa.